An Bar Lagireto Ana Dukan Giya

Duk babban garejin da ka shiga, ko a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, akwai wani lungu da ake jibge giyoyin otomatik da suka mutu, kuma ba za ka taɓa jin wani ya faɗi alherin ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai mota ya ce giyar ta ci amanarsa. Bakanike ya ce dama otomatik ba ta ƙasarmu ba ce. Yaron gareji, wanda shekaranjiya ya koyi bambanta sifana mai lamba 10 da mai lamba 12, shi ma ya girgiza kai ya ce ai wannan giya ba ta da asali. To, ni yau na zo ne in tsaya wa mamaciya, tunda ba ta da bakin kare kanta. A tsofaffin jif-jif ɗin da muke ja, irin su 4Runner da Pathfinder da Prado, ba kasafai giyar otomatik take mutuwa don tsufa kawai ba. Ko dai zafi ya dafa ta, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kuma duka biyun ta ƙofar lagireto suke bi. Don haka kuɗin da ya fi yi wa mai tsohuwar jif rana shi ne wanda zai kashe a kan lagireton da yake gani lafiya lau, ba ya yoyo, ba ya tafasa. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji ga irinmu, da ba mu saba taɓa aljihu ba sai mun ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bonet.

Mota mai kuloci, faifai ne ke kama ƙarfe: ka ɗaga ƙafa, inji da giya su manne. Otomatik ba haka take ba. Tsakanin inji da giya akwai wani ƙaton gwangwani mai nauyi da kanikawa ke ce wa kwanbata, cike da mai. A cikinsa akwai farantai biyu masu fikafikai suna fuskantar juna ba tare da sun haɗu ba. Inji ya juya na farko, na farko ya watsa mai, mai ya tura na biyu, mota ta motsa. Muddin na farko ya fi na biyu gudu, ƙarfin da ya zube a tsakaninsu zafi yake komawa, kuma man ne ke shanye shi. Idan mota ta miƙe a kan kwalta da gudu, akwai wani ɗan kuloci a cikin kwanbatar da ke kulle farantan su zama abu ɗaya, sai zafin ya lafa. Amma wa ya sayi jif don kwalta kaɗai? A rairayin Yusufari, ko hawan Mambila, ko taɓon damina, kai ko a gosulon Kano da azahar cikin watan Afrilu, mota na ja da ƙarfi tana tafiyar hawainiya, kullen bai kama ba, mai sai dahuwa yake. Shi kuwa man nan aiki huɗu aka ɗora masa: shi ke tura mota, shi ke danna giya ta shiga, shi ke shafa ƙarafa, shi ke kwashe zafi. Albashinsa ɗaya, ba kuma mai tambayar yadda ya kwana. Ya fi son zama a wajen digiri 80. Masu sana'ar na da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 11 a kan haka yana raba kwanan man gida biyu. Shi ya sa za ka ga man da aka zuba ja wur ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi ya soma ƙauri.

Ina zafin yake zuwa? Leƙa ƙarƙashin motarka, za ka ga siraran bututu biyu sun taso daga giya sun nufi gaba, sun shige ƙasan lagireto. A cikin tankin ƙasa na lagireton akwai wani ƙaramin bututun ƙarfe kwance cikin ruwa. Mai ya shiga ta wannan baki da zafinsa, ruwan da ke kewaye da bututun ya karɓi zafin, mai ya fita ta wancan baki ya koma bakin aiki. Wato lagireto gidan haya ne mai 'yan haya biyu, ruwa da mai, kuma abin da ya raba ɗakunansu wani ɗan bango ne siriri da hatiman roba a bakin bututun. Dabarar da kyau, ba na musu. Ruwa ya fi iska kwasar zafi nesa ba kusa ba, kuma yana wannan aiki ko mota na gudu ko tana tsaye. Matsalar ita ce maigidan hayar, wato ni da kai, ba ya ganin bangon. Yana ganin fentin waje, yana ganin ba ɗigo a ƙasa, sai ya ce gida lafiya. Alhali shekara da shekaru tsatsa na cin bangon daga ciki, roba na bushewa, zafi da sanyi na ja suna saki.

Ranar da bangon ya huje, zumunci yake ƙulluwa. Idan inji na aiki, famfon giya na turo mai da ƙarfi, sai mai ya leƙa ɗakin ruwa. Da ka kashe mota ka shiga gida cin abinci, famfon ya tsaya, matsin mai ya faɗi ƙasa warwas, shi kuwa ruwa yana nan da zafinsa da matsinsa, domin aikin murfin lagireto ke nan, 0.9 ko 1.1 ɗin nan da ke rubuce a kansa. Sai ruwa ya rama ziyara, ya bi bututun ya gangara har cikin giya. Kana barci ana ta gaishe-gaishe. Inji zai iya jure ɗan mai a cikin ruwansa na wani lokaci, ko da yake tiyoyin roba za su kumbura su yi laushi. Giya ce ba ta jure ruwa ko kaɗan. Faifan da ke kama juna a cikinta, waɗanda kanikawa ke kira faiba, fuskarsu daga wata irin takarda aka yi ta, aka manna a kan ƙarfe da gam. Takarda da gam kuwa kowa ya san abin da ruwa ke yi musu. Fuskar ta jiƙe ta ɓamɓare, ɓurɓushinta ya bi mai ya toshe ƙananan hanyoyin da ke canja giya, ƙarafa su soma tsatsa. Abin da zai fito idan an kwance shi ne wani ruwan hoda mai kauri da kumfa, wanda Amurkawa suka yi wa laƙabi da sunan wani abin shansu na madara, saboda su ma sun sha shi da yawa.

Ba ƙirƙira nake yi ba, kuma ba sharrin kanikawanmu ba ne. Toyota 4Runner ta 1996 zuwa 2002, wadda a wasu ƙasashe ake kira Hilux Surf, mota ce da ta yi suna wajen juriya, injinta na lita 3.4 da giyarta A340 mai hawa huɗu sukan yi ɗaruruwan dubban kilomita ba a buɗe su ba. Amma duk wanda ya san motar ya san wannan cuta tata, kuma galibi daga bakin bututun da ke ƙasan lagireto take somawa, inda tsatsa ke cin mahaɗin. Ta Nissan ta fi haka fitowa fili, domin har kotu ta je. Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 masu giyar otomatik mai hawa biyar sun yi ta haɗa ruwa da mai tun ba su tsufa ba, ga shi kuma kwamfutar giyar a cikin giyar take zaune, sai ita ma ta yi wanka. A 2010 kamfanin ya tsawaita garantin lagireton zuwa shekara 8 ko mil 80,000. Masu motoci a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, a 2012 aka yi sulhu a kan shekara 10 ko mil 100,000, wato wajen kilomita 160,000, amma wanda ya wuce wa'adin farko sai ya ba da nasa kason, dala 2,500 ko 3,000 gwargwadon tafiyar da motar ta yi. Ka lura da abin da aka tsawaita wa garanti: lagireto. Kamfanin da ya ƙera motar bai ɗora wa giya laifi ba. Mu ne muka fi shi sani.

Waɗannan motoci su ne aka loda a jirgin ruwa aka sauke mana a Kwatano da Legas, garanti ya ƙare, takardun gyara sun ɓace a hanya. Da yawansu sun yi ƙuruciyarsu a arewacin Amurka da Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma a ƙasan mota yake kwana. Ƙaramar cikin 4Runner ɗin da na ambata ta haura shekara 20 a duniya. Da suka iso sai muka yi musu tarba irin tamu. Aka zubar da koren ruwa ko jan ruwan da suka zo da shi, aka ɗura na rijiya, in an ji tausayi a fasa fiyawata. Hujjarmu ita ce ba a ƙanƙara a Sakkwato, to maganin daskarewa na me? Gaskiya ne ba a ƙanƙara. Amma kulant ba don daskarewa kaɗai aka yi shi ba, a cikinsa akwai sinadaran da ke hana tsatsa cin ƙarfe da alminiyam, kuma yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Ruwan rijiya kuwa da kanwarsa da gishirinsa yake zuwa. Bayan haka sai a cire tamostat a jefar, wai na Turai ne. Abin dariyar shi ne, kwamfutar Toyota ta wancan zamani ba ta barin kullen kwanbata ya kama sai ruwan inji ya yi ɗumi. Saboda haka da sanyin safiyar hunturu, mutumin da ya cire tamostat don motarsa ta yi sanyi yana tafe injinsa na rawar ɗari, man giyarsa na ta kaɗuwa a banza.

Yadda wasan ke gudana kusan iri ɗaya ne a ko'ina, har ana iya rubuta shi tun kafin a yi. Da farko mota ta soma wata 'yar karkarwa a kan hanya, mai ita ya ce titi ne. Sai ta soma jinkirin shiga ribas da safe, ya ce sanyi ne. Ran nan ya taka, inji ya yi ihu, mota ta tsaya tana kallonsa. A gareji bakanike ya zaro geji, ya shinshina, ya ɗaga kai sama ya ce, “Alhaji, sai haƙuri, giya ta tafi.” Alhaji ya ce, “Injiniya, ba dabara?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, dabara ɗaya ce, a samo 'yar Beljiyam.” A je a samo. A biya kuɗin da ya isa sadaki da lefe. A ɗora ta, a mai da siraran bututun nan biyu inda suke, a bakin lagireton da ya kashe ta farko, wanda ba wanda ya ko kalle shi, domin ba a yi ƙararsa ba. Mota ta tashi, kowa ya yi murna, yaran gareji su sami na goro. Bayan 'yan makonni amarya ta soma irin tarin uwargida. Alhaji ya koma wurin mai kaya da faɗa, ya ce an sayar masa da matacciya, mai kaya ya rantse lafiya ya ba da ita, kuma wannan karon mai kaya gaskiya ya faɗa. A ɗauko ta uku. Lagireto na nan a gaba yana shan iska, shi ne ma ake wankewa da sabulu ranar Juma'a.

Shawarata ke nan: idan jif ɗinka ta otomatik ta haura shekara 10 zuwa 15 kuma lagireton da ta zo da shi ne a jikinta, ko ba ka da tabbacin yaushe aka canja shi, ka canja shi yanzu, ka zuba kulant na gaske, ka kuma sa ranar sake canja kulant ɗin. Nan take za a ce mini da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, abin da bai lalace ba me ya kawo taɓa shi? Wannan magana na da gaskiya a kan abin da ke ba da sanarwa kafin ya mutu. Birki na ƙara, taya na suɗewa a gabanka, fambel na kuka. Bangon nan na ciki ba ya ko ɗaya. Lagireton da ya huje ta waje ya yi maka alheri, ka ga ruwa a ƙasa ka tsaya. Wanda ya huje ta ciki, sanarwarsa ta farko ita ce ta'aziyya. Kuma a auna kuɗin: ko a wace kasuwa, kuɗin lagireto ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin giya da aikin ɗora ta, balle a haɗa da kwana a daji tsakanin Damaturu da Gashuwa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda kuma nake girmamawa, ita ce ta jabun kaya. Wani zai ce, “Malam, lagireton da kamfani ya sa ya yi shekara 20. Wanda za ka sa in saya a kwali mai sheƙi, wa ya ce zai yi shekara biyu?” Ba ni da amsar da za ta share wannan tsaf. A Ƙofar Ruwa da Panteka, kamar kowace kasuwa, akwai mai kyau akwai na banza, kuma kwalinsu kan yi kama. Sabon lagireto marar kyau zai iya zama haɗari fiye da tsoho mai asali. Sai dai wannan hujja ce ta a buɗe ido wurin saye, a nemi na kamfanonin da aka sani kamar Denso, wanda dama shi ke ƙera wa Toyota, ko Koyo, a hannun wanda zai karɓi kayansa idan an mayar. Akwai kuma gwajin da masu gyaran lagireto suka daɗe suna yi: a toshe baki ɗaya na bututun mai, a hura iska da matsi ta ɗayan, a cika lagireton da ruwa a ga ko kumfa zai taso. Minti nawa ne? Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da aka fi so, wato a cire lagireto mai shekara 22 a sa ɗan Beljiyam mai shekara 22, a ce an sa na asali. Na asali ne, ba shakka. Tare suka yi makaranta.

Sai kuma masu wayo, waɗanda suka ce a raba 'yan hayar kwata-kwata. A cire bututun mai daga lagireto, a kai shi wata 'yar ƙaramar kula ta daban da ake ɗaurawa a gaba, iska ta riƙa sanyaya shi. Ba ruwa kusa, ba haɗuwa. A ƙasashen sanyi akan ƙi wannan saboda lagireto na taimaka wa man ya yi ɗumi da safe, to mu wannan bai dame mu sosai ba, ko a Jos. Na yarda da su rabi. Wanda ke da Pathfinder ko Xterra ta shekarun nan da lagireton farko a jikinta, kuma ba shi da kuɗin sabo a wannan wata, ya raba su yau ɗin nan, hakan ya fi zama jiran tsammani. Amma a matsayin gyara na dindindin ga motar da za ta shiga rairayi, ina da ja. Kular iska tana aiki ne da iska. A kan kwalta da gudu, tana da ita fal. A cikin yashi, mota na rarrafe, iskar da ke zuwa daga gaba kusan babu, sai abin da fankar inji ta jawo ta cikin kwandensar esi, shi ma a ranar da zafin gari ya haura digiri 40. Wato a daidai lokacin da kwanbata ta fi haifar da zafi, a lokacin kular ta fi kasala. Ka tsere wa ruwa ka faɗa wuta. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun a jere: mai ya fito daga giya, ya bi ta sabon lagireto, ya wuce ta ƙarin kula, sannan ya koma. Wanda ya nace sai ya raba, to ya sa babbar kula, ya sa mata fankar lantarki tata. Kuma don Allah tiyon ya zama wanda aka yi don man giya mai zafi, da kilif mai kyau, ba guntun tiyon fetur da aka tsinta a ƙasa aka ɗaure da waya ba. Idan tiyon nan ya fice mota na tafiya, famfon giya ba ya tambaya, cikin ɗan lokaci zai juye maka man a titi.

Akwai wata camfi da ta yi jijiya, har masu ilimi na faɗinta da murya ƙasa-ƙasa: wai kar ka kuskura ka canja man tsohuwar giya, da ka canja za ta mutu. Kowa ya san wani da hakan ta faru da shi. Tambayar da ba a yi ita ce, yaushe mutumin ya canja? Ba wanda ke tuna man giya sai ta fara zamewa. Faiba ta riga ta ƙone, ɓurɓushinta da ke yawo cikin tsohon man ne ke ɗan taimaka mata ta kama, aka zubar, aka sa sabo mai santsi, cutar da ke ɓoye ta fito fili. Sabon mai ya zo jana'iza ne aka kama shi da laifin kisa. Giyar da ke aiki lafiya kuwa sabon mai ba ya cutar da ita, in dai irin nata ne. A nan ma muke tafka tamu, mu ce jan mai duk ɗaya ne, alhali jan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. A340 ta wancan zamani Dexron take sha, Toyota da suka biyo baya suka koma T-IV sannan WS, Nissan na da Matic J da Matic S, Mitsubishi na da SP-III, kuma sau da yawa sunan na rubuce a jikin gejin. Sannan a sani, kwance noti a ƙasan giyar 4Runner wajen lita 2 kawai yake fitarwa daga cikin kusan 10, sauran na cikin kwanbata da bututu. Saboda haka a juye a cika, a yi tafiya, a sake, har kalar ta dawo. Aunawa kuma ba kamar ta baƙin mai ba ce: sai mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri mai daidai, inji na aiki, an zagaya da giya ta kowane harafi an dawo P.

Ko da sabon lagireto da kula da mai, ƙafar direba na iya ɓata komai. Ɗan guntun libar nan na biyu da ke gefen giya, mai H da L, wasu sun mallaki mota shekara da shekaru ba su taɓa shi ba, suna tsoron kada wani abu ya fashe. To a yashi mai zurfi ko hawa mai tsanani shi ne babban abin da ke rage zafi, domin idan aka sa L, ƙarafa ne ke ninka ƙarfin, kwanbata ta huta da zamewa. Mu kuwa sai mu bar ta a D mu take totur har ƙasa, tayoyi na haƙa kabari, 'yan ƙauye na kallo. Idan fitilar A/T OIL TEMP ta kama, ba ado ba ce, kuma maganinta ba baƙin salatif ba ne. A tsaya, a sa P, a bar inji na aiki har fitilar ta mutu. Wanda ya kashe inji nan take ya tsayar da famfo da fanka, ya bar man ya dahu a inda yake. Bayan damina kuma a duba tsakanin kwandensa da lagireto, inda taɓo da ciyawa da ledoji ke taruwa su yi katanga, a wanke da ruwa marar ƙarfi don kada haƙoran su lanƙwashe.

Na san akwai wanda tun ɗazu yake murmushi yana cewa shi ya sa direbobin Agadas zuwa Dirku ba sa barin mai kuloci. Ba na jayayya da wanda hamada ta koya wa karatu, mai kuloci ta fi sauƙin gyara a inda ba gareji. Amma wanda ya riga ya sayi otomatik, ka ce masa da ma ka sayi mai kuloci, ba ka gyara masa komai ba, ka dai ɓata masa rai. Abin da zai amfane shi bai kai minti biyar ba a mako. Da safe, inji a sanyaye, ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ya duba robar ajiyar ruwa, ya ga ko mai na yawo a sama ko wani kauri ya manne a murfin. Kala kaɗai ba ta isa shaida ba, domin kulant ɗin Toyota shi ma ja ne ko ruwan hoda, abin dubawa shi ne kauri da kumfa da fari-farin madara. Ya kuma zaro gejin giya ya goga a farar takarda, in ya ga man ya ƙaru da kansa, to ba albarka ba ce. Idan ya ga alamar, kar ya ce bari in lallaɓa zuwa gareji, kowace kilomita tana ƙara jiƙa faiba. A canja lagireto, a wanke bututu da kula ko a canja su, a yi ta juye mai ana sakewa har ya fito garau, a wanke gefen ruwa a canja tiyoyin da suka kumbura. Giyar da aka kama da wuri takan tsira.

Saura yadda za a kai ta garejin, kuma a nan ne mutumin da ya bi duk abin da na faɗa yake ƙarasa aikin da hannunsa. Ya kira ƙaninsa mai a-kori-kura, a ɗaura igiya, a sa N, a ja ta kilomita 40 da gudu ana hira. Famfon giyar otomatik da inji yake juyawa. Inji a kashe, ba mai da ke zagayawa, amma tayoyi na juya farfela, farfela na juya cikin giya a bushe. Ko dai a ɗora motar gaba ɗaya a bayan babbar mota, ko a kwance farfela kafin a ja, ta gaba da ta baya idan motar mai ja da ƙafa huɗu ce kullum. Noti kaɗan ne, yaron gareji ma zai iya, in an tabbatar sifana mai lamba 14 aka miƙa masa.